Na gwada manhajar dillalin hannun jari wajen sayen tayin wani ƙaramin kamfani, ga abun da na gani

Wata 14 kenan ina amfani da manhajar wani kamfanin dillancin hannun jari a wayata, kuma tun kafin azumi abokaina biyu suke damuna wai in gaya musu gaskiya ko su ma su sauke, to maimakon in yi ta maimaita zance ɗaya a bakin shago gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ya huta. Sunan kamfanin ba zan kama ba, don akwai inda zan yabe su akwai kuma inda zan caccake su, kuma ba biyana suka yi ba balle in yi musu talla. Suna da lasisin SEC, hukumar da ke kula da harkar hannun jari, na duba da kaina kafin in tura ko sisi, hedikwatarsu na Legas, sannan suna da wani ɗan ofishi a nan Kano a hawa na biyu, mutum uku ne a ciki da fanka ɗaya mai ƙara kamar injin markaɗe.

Ni mai kemis ne, ba ɗan boko mai ilimin tattalin arziki ba, abun da na sani shi ne in sari kaya in sayar in ga me ya rage. Farkon shigata harkar nan lokacin MTN ne, Disambar 2021, da suka fito da hannun jarinsu yunit miliyan 575 a kan naira 169 kowanne, mafi ƙaranci yunit 20, wato da naira 3,380 ma ka shiga, har da alƙawarin kyautar yunit ɗaya kan kowane 20 in ka riƙe shekara guda baka sayar ba. Na saya kaɗan na manta da shi. Amma MTN giwa ce, ba ita nake son magana a kai ba yau. Ƙananan kamfanoni nake nufi, irin waɗanda in suka tashi neman kuɗi ba wanda zai gan su a allon talla a Kofar Nassarawa, sai dai saƙo ya shigo maka a imel kamar an jefo takarda ta ƙasan ƙofa.

Kafin in je can bari in faɗi inda manhajar ta burge ni, don hakkinsu ne. Buɗe asusu wallahi bai kai min minti 20 ba. BVN, NIN, hoton fuska, takardar wuta, lambar asusun banki, shikenan. Kwana biyu aka turo min lambar CHN, wadda ita ce lambar shaidata a kasuwar, da ta asusuna na CSCS, wato ma'ajiyar da ake rubuta cewa yunit kaza naka ne, ba a hannun dillalin suke ba, ko da kamfanin dillalin ya rufe gobe kayanka na nan da sunanka. Wannan ya kwantar min da hankali sosai. In ka yi tiransifa kuɗin na shiga nan take, in ka saya alat na zuwa daga CSCS ɗin kanta ba daga su kaɗai ba. Manhajar ba ta cin data, kuma ko da netwok ɗin unguwarmu da sai ka ɗaga waya sama kamar mai kiran tattabaru tana buɗewa.

Wanda bai ga yadda ake yi a da ba, ba zai gane darajar wannan ba. Baba yana da wata tsohuwar jakar fata a ƙasan gado, cike take da satifiket na hannun jari, wasu sun yi ja-ja gefensu ya fara cinyewa, da takardun rabon riba da aka aiko ta gidan waya suka iso bayan wa'adinsu ya wuce. Yawanci na 2007 ne, lokacin da kowane banki ke sayar da hannun jari, ana bin layi da fom da biro, mai shayi ya saya, malamin makaranta ya saya, wasu har bashi bankin ya ba su su sayi nashi, sai kasuwar ta rufta a 2008. Akwai ma takardun wasu kamfanoni da aka sayar musu a ɗaki aka ce nan da wata shida za a sa su a kasuwa, har yau shiru. Ranar da na nuna masa wayata na ce Baba ga shi yanzun a nan ake saye, ya karɓa ya juya ta ya ce "to ɗan nan, saye dai ko a zamaninmu bai taɓa wuya ba, ka nuna min inda ake sayarwa." Na yi dariya a lokacin. Yanzun na daina dariyar.

A cikin jakar akwai na Jaiz, kuma wannan shi ne yake alfahari da shi. A 2003 aka fito neman kuɗin kafa bankin da ba ruwa, mutanen Arewa suka yi rububi, sai ga CBN a 2004 zamanin Soludo ta ɗaga jarin da ake buƙata daga biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, aka yi ta jira, sai Janairun 2012 bankin ya buɗe ƙofa da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, sai Fabrairun 2017 aka sa shi a kasuwar hannun jari a kan naira 1.25. Ka lissafa shekarun da kanka. Wato wanda ya ba ƙaramin kamfani kuɗi don ya girma, ba cinikin yau da gobe ya shiga ba, itace ya dasa, kuma manhajar da ke nuna maka kore da ja duk minti ɗaya ba za ta taɓa gaya maka haka ba.

Abun da ya ja ni ga ƙananan kamfanoni sana'ata ce. Kullum hannuna na kan kwalayen Fidson da May & Baker da Neimeth, ko da ake sari a Sabon Gari ko yanzun da aka koma Dangwauro, sai wata rana na ga ashe duk ukun suna NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya, kuma duk ukun sun taɓa komawa wajen masu hannun jarinsu neman ƙarin kuɗi. May & Baker a 2018 sun fito da yunit miliyan 980 a kan naira 2.50, duk mai ɗaya a ba shi damar sayen ɗaya, wani kaso don rage bashi, wani don faɗaɗa aiki, wani don zubawa a Biovaccines, kamfanin allurar rigakafin da suke haɗin gwiwa da gwamnatin tarayya. Fidson a 2019 yunit miliyan 750 a kan naira 4, mai biyu a ba shi ɗaya. Neimeth a 2022 a kan naira 1.55, mai huɗu a ba shi biyar, suna neman sama da biliyan 3 da rabi, babban dalilin shi ne sabuwar masana'anta a Amawbia ta jihar Anambra. Ban shiga ko ɗaya ba, lokacin ban san dawan garin ba, daga baya na bi na karanta. Amma daga nan na gane abun ba wani sihiri ba ne, irin abun da muke yi ne a kasuwa.

Misali shagona ya cika ina son buɗe na biyu, hanya uku gare ni. In jira riba ta taru, wanda kafin nan wani ya kama shagon. In ci bashin banki, wanda ni dai ba na yi, kuma ko wanda ke yi, da CBN ta kai ma'aunin ruwanta kashi 27.5 a ƙarshen 2024 ƙaramin kamfani sai ya ga talatin ko sama da haka, wace sana'a ce za ta biya wannan ta bar maka na cefane. Ko kuma in kira mutane su kawo kuɗi mu zama abokan tarayya, ba wanda zai biyo ni ƙarshen wata da takardar bashi, in an samu a raba in an faɗi a faɗi tare. Ta ukun nan ita ce sayar da hannun jari. Ita ma kala-kala ce, akwai tayin kowa-da-kowa irin na MTN, akwai wanda ake kiran manyan masu kuɗi ƙalilan a rufe ƙofa a gama, sannan akwai tayin 'yan gida, wanda suke ce wa raits ishu, wato waɗanda dama suna ciki su ake fara yi wa tayi daidai gwargwadon abun da kowa ke riƙe da shi. Ƙananan kamfanoni wannan na ƙarshen suka fi yi, don ya fi arha, ba sai an kashe kuɗin talla a rediyo da jarida ba, kuma mai babban kaso ba ya rasa ikonsa. NGX ma ta buɗe musu sashe nasu a Janairun 2020, Growth Board, mai sharuɗɗa masu sauƙi, inda su McNichols da The Initiates suke, MeCure ma mai magani nan ta shigo a 2023.

To kamfanin da ni na shiga ba na magani ba ne, kuma shi ma ba zan kira sunansa ba. Ina da yunit 40,000 nasu da na tara a hankali ta manhajar. Wata safiya ina shara a shago sai ga sanarwa ta faɗo a waya, wai kamfanin ya buɗe tayin 'yan gida, mai huɗu a ba shi ɗaya a kan naira 2.50, alhali a kasuwa ana sayar da shi naira 3. Da na buɗe, manhajar ta riga ta yi min lissafi tsaf, kasonka yunit 10,000, kuɗin naira 25,000, ga wani ƙaton maɓalli kore a ƙasa. Ba fom, ba zuwa banki, ba kamisho don a irin wannan tayin kamfanin ne ke biyan dillalai ba kai ba. Gaskiya a nan sun yi ƙoƙari, tun da NGX ta fito da NGX Invest, shafin sayen irin waɗannan tayin ta intanet, a 2024 lokacin da bankuna ke ta neman cika sabon jarin da CBN ta yanka musu harkar ta koma waya, abun da Baba ke kashe wuni biyu a kai ni da babban yatsa zan gama kafin ruwan shayi ya tafasa.

Kuma nan ne matsalata da su ta fara. Sauƙin ya yi yawa. A saman shafin da manyan baƙaƙe an rubuta rangwamen da za ka samu, kobo 50 kan kowane yunit, sai kace gwanjo. Amma kundin bayanin tayin, takardar da ke ɗauke da dalilin neman kuɗin, sai da na gangara can ƙasa na ga wani ɗan rubutu shuɗi ƙarami kamar ƙwayar gero, na danna, ya buɗe fayil mai shafi sama da 60 da Turancin lauyoyi, a waya, ba a ma iya ƙara girman rubutun sosai. Mutum nawa ne za su karanta wannan? Ni ma don Allah ya sa ranar ba ciniki ne, na tura wa yaron mai kafe ya buga min shafukan tsakiya na zauna da biro.

Rangwamen nan da farko, ba kyauta ba ce. Ka ɗauka kana da huɗu a naira 3, naira 12 kenan, ka ƙara ɗaya a 2.50, ya zama 14.50 a kan yunit biyar, kowanne ya koma 2.90. Wato bayan an gama, farashin kasuwa da kansa zai sauko wajen nan in ba wani abu ya faru ba, abun da ka samu a sabon ka rasa shi a tsofaffin. Wanda ya karɓa bai ci riba ba, ya dai tsira. Wanda ya ƙi karɓa shi ne aka sirka masa kunu, don da yana da huɗu cikin ɗari yanzun huɗun nan cikin 125 suke, ludayinsa bai canza ba amma masu sha sun ƙaru. Kuma akwai hanya ta uku da manhajar ko ambatonta ba ta yi ba, ashe in ba ka da kuɗin karɓa za ka iya sayar da damar taka a kasuwa kafin a rufe tayin, wani ya saya kai ka ɗan rage asara. Sai da na je ofishinsu na Kano wani dattijo a cikinsu ya gaya min, na ce Malam to me ya sa babu a manhajar, ya ce "Alhaji ai sai dai ka rubuto mana imel mu yi maka da hannu." Ni da ko Umara ban je ba an ba ni Alhaji, amma maɓallin dai babu.

Sai shafin da ya fi kowanne muhimmanci, inda aka jera me za a yi da kuɗin. Wallahi in da ni ke da manhajar nan wannan teburin zan sa a sama, rangwamen ya koma ƙasa. Domin kamfani biyu za su iya fitowa neman biliyan ɗaya ɗaya, na farko zai sayo inji ya ninka abun da yake sarrafawa, na biyu zai biya bashin da ya riga ya ci ya cinye, duka sunansu tayin 'yan gida, duka maɓallinsu kore ne. Ba wai biyan bashi laifi ba ne, in ruwa na cinye ribar kamfani to sauke shi ma ci gaba ne, kuɗin da ke tafiya banki ya dawo gida. Amma ya kamata ka san wanne kake saye. Wani lokacin ma bashin na mai babban kason ne da kansa, shi ya ranta wa kamfanin, sai a yi tayi ya karɓi nasa kason da wanda ƙanana suka bari, bashinsa ya rikiɗe ya zama ƙarin mallaka, ku kuna nan kuna murnar rangwame. A nawa kamfanin, kusan rabi na sabon layin inji ne, wajen kashi ɗaya cikin uku na rage bashin banki, sauran na kuɗin juyawa da kuɗin shirya tayin kansa, don su ma lauyoyi da akantoci da masu shirya takardu a ciki ake yankar nasu. An rubuta wata 18 za a gama kafa injin. Na ga abun da ɗan dama-dama, na karɓa.

Wani abu da na lura da shi a gefe, wanda duk mai shigo da kaya ya sani a jikinsa, naira ake tarawa amma inji da dala ake sayo shi. Duk kamfanin da ya tara kuɗi a 2022 dala tana ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati, in bai yi sauri ya biya ba, aka saki naira a Yunin 2023, a farkon 2024 dala ta haura 1,500, to kuɗin inji uku ya koma na ɗaya, ba sata aka yi ba ba komai, lissafin ne ya watse. Shi ya sa in ka ga an ce wata 18 ka ƙara naka haƙurin a kai, kuma kar ka yi mamaki in bayan shekara biyu suka dawo da wani tayin.

Na karɓi 10,000 ɗina, sai kwaɗayi ya ja ni na nemi ƙarin 10,000 daga wanda wasu za su bari, akwai gurbin hakan a manhajar, jimla naira 50,000 ta fita. Daga nan fa sai shiru. An rufe tayi, sati biyu, wata ɗaya, wata biyu, a manhajar kalma ɗaya ce kawai ke nan wai ana kan aiki. Na san ba laifinsu ba ne kacokan, sai SEC ta amince da yadda aka raba kafin rijistara, mai riƙe da jerin sunayen masu hannun jarin kamfanin, ya zuba wa kowa nasa, amma ai sai ku gaya wa mutum matakin da ake, ko layi ɗaya ne. Mai sayar da waya a Farm Centre ma in kayanka na hanya zai ce maka sun iso Legas, sun taso, suna Zariya. A wata na uku yunit suka shigo, 13,000, wato cikin ƙarin da na nema 3,000 aka ba ni. Ragowar naira 17,500 kuma ta ƙara sati biyar kafin ta dawo, kuma ba asusun bankina ta dawo ba, cikin jakar manhajar aka jefa ta ba ko sanarwa, da ban leƙa ba da har yau ina zagin mutane a banza.

Kwastoma kiya ɗinsu kuwa sai addu'a. A cikin manhajar wani mutum-mutumi ne ke amsawa, ka tambaye shi gabas ya ba ka yamma. In ka kira layin Legas za su ɗauka da ladabi, ba zan yi musu ƙarya ba, amma Turanci ne zalla da sauri kamar ana korarsu, na tambaya ko akwai mai jin Hausa aka ce in rubuto imel. Kamfanin da ke son kuɗin 'yan Kwari da Singa da Dawanau amma ba shi da mutum ɗaya a waya da zai yi wa dattijo bayani da harshensa, ban gane wannan lissafin ba. Mutanen ofishin Kano su ne ke ceton su, musamman dattijon nan, ya san aikinsa tun zamanin takarda, sai dai komai ka kawo ƙarshensa "bari mu tura Legas."

Da na kai musu jakar Baba don a mayar da takardun cikin CSCS a kuma haɗa masa rabon riba ya riƙa shiga banki kai tsaye, nan na ga tashin hankali. A wata takardar an rubuta Mohammed, a wata Muhammadu, a wata an gajarce shi Moh'd, a wata sunan garinmu ne a matsayin sunan mahaifi, BVN kuma Muhammad. Kowane kamfani da rijistaransa, kowane rijistara da fom ɗinsa, ga sa hannun da ya yi shekara 17 da suka wuce wai sai ya yi irinsa sak, mutumin da yanzun hannunsa ke rawa. Sai da muka je kotu aka yi takardar rantsuwa, banki ya buga hatimi. Uku sun fito, har kuɗin da suka taru suka shigo masa ya yi ta sa min albarka, biyu har yanzun suna Legas. Wannan ba aikin manhajar ba ne kai tsaye, na sani, amma duk ɗan Arewa da zai buɗe asusu ya tabbatar sunansa iri ɗaya ne harafi da harafi a ko'ina, kar ya ce ai duk Muhammadu ne.

Batun halacci ma mutane na yawan tambayata. A manhajar duk kamfanoni a jere suke, na giya kusa da na siminti kusa da bankin ruwa, ba wata alama. Alhali NGX na da ma'aunin Lotus Islamic Index da ke tace kamfanonin da suka dace da shari'a, me zai hana su sa ɗan tambari ko maɓallin tacewa? Kuma ƙananan kamfanoni yawanci ba sa cikin wancan jerin ma, dole kai ka duba sana'arsu da yawan bashin ruwan da ke kansu ka kai wa malaminka. Ni nawa malamin da na yi masa bayani ya fi sha'awar tayin da za a rage bashin ruwa da shi, ya ce ko ba komai ana fita ne daga ciki ba shiga ba.

Yanzun ga inda maganar Baba ta dawo. Bayan Sallah na buƙaci kuɗi zan sari kaya kafin farashi ya ƙara tashi, na ce bari in sayar da yunit 30,000 cikin 53,000 ɗina. A fuskar manhajar an rubuta dukiyata ta kai kaza, kore shar, har da ɗan kibiya mai kallon sama. Na sa a kasuwa a farashin da ke rubuce. Ranar farko ba wanda ya taya. Ta biyu haka. Sai dattijon ofis ya nuna min wani shafi da ke ɓoye a bayan wani shafin, inda ake ganin masu son saye a hagu masu son sayarwa a dama, ɓangaren dama layi ne har ƙasa, na hagu mutum biyu, ɗaya yana son yunit 500 ɗaya 2,000, su ma a ƙasa da farashi. Ashe farashin da nake gani na cinikin ƙarshe ne da aka yi kwanaki da suka wuce, ba wai akwai mai jira da kuɗi a hannu ba. Ƙaramin kamfani yawancin hannun jarinsa na hannun mutum biyu uku da ba sa sayarwa, ɗan abun da ke yawo kaɗan ne, ga dokar cewa farashi ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa a rana ɗaya, to ko ka yarda ka karya sosai ba za ka iya a yini guda ba, sai dai ka bi layi kana sauka a hankali. MTN ɗina da na gwada sayar da kaɗan don in gani, kafin in ajiye wayar an saye. Wannan bambancin fuskar manhajar ba ta nuna shi ko kaɗan, lamba ɗaya take ba su da launi ɗaya, kamar a ce kuɗin da ke aljihunka da bashin da kake bin surukinka duk ɗaya ne.

A kwana 9 na samu aka sayi 12,000 gutsi-gutsi, a ƙasa da yadda na so, aka cire kamisho da na NGX da na CSCS da harajin hatimi da VAT, ya tasam ma kashi biyu da ɗan wani abu cikin ɗari, wannan kam sun rubuto shi dalla-dalla a takardar ciniki, ban ga ɓoye-ɓoye ba. Kuɗin ya iso bankina bayan kwanakin da aka ƙayyade ba tare da na kira kowa ba. Sarin dai sai da na ranci cikon wajen ƙanina.

In maki ake so, wajen buɗe asusu da saye da amanar kuɗi na ba su 9 cikin 10, ban taɓa neman sisina na rasa ba. Wajen bayani kafin mutum ya danna koren maɓallin nan 3, shi ma don dattijon ofis ne. Abokan nan nawa biyu na ce musu su sauke, amma ɗayan da ke son zuba kuɗin auren ƙanwarsa na wata huɗu masu zuwa a tayin wani ƙaramin kamfani don ya ga rangwame, na ce masa kul, cinikin biri a sama ne, kuɗin da ke da ranar fita ba nan ne wurinsa ba. Ɗayan kuma na buga masa shafin me za a yi da kuɗin na ce ya karanta ya dawo mu yi magana, har yau bai dawo ba.

Sauran 18,000 ɗin na janye su daga kasuwa jiya, tunda buƙatar ta wuce. Rahoton wata shida na kamfanin ya fito, shi ma ba a manhajar na gani ba sai da na shiga shafin NGX, kuɗin ruwan da suke biya ya ragu kamar yadda suka ce, injin kuma an rubuta yana tashar jirgin ruwa ana jiran a fito da shi. Na karanta wa Baba da daddare, ya ce in ajiye masa takardar a jakarsa.